Jami'a ta ba ni gurbi har da ɗaki, Baba ya ce ba zan kwana a waje ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 21, muna zaune a Sakramento ta jihar Kalifoniya, iyayena 'yan asalin Maraɗi ne. Na yi shekara biyu a kwalejin al'umma ta nan garinmu ina karanta ilimin halittu, burina in zama likita. A watan Nuwamba na nemi komawa Jami'ar Kalifoniya don in ƙarasa digiri. Ƙarshen Afrilu sakamako ya fito: reshen Davis ya ɗauke ni, UCLA, wato reshen Los Anjelis, ma ta ɗauke ni, Berkeley kuma ta sa ni a layin jira. Raina yana UCLA, har ɗaki suka ce za su ba ni. Amma Baba ya ce 'yarsa ba za ta kwana a wani wuri ba sai ɗakin mijinta, in je Davis in riƙa dawowa gida kullum. Mama tana bayana, sai dai ba ta iya faɗa a gabansa. Ga wata damuwar da ban gaya wa kowa ba: kemistiri na wannan zangon ya kayar da ni, ina tsoron makin D zan samu, wanda yake ƙasa da C. Ƙawata ta ce in ja bakina in yi shiru, in danna amincewa da UCLA a ɓoye, idan abu ya kankama Baba zai haƙura. Ranar 1 ga Yuni wa'adin amincewa da gurbi zai cika. Don Allah yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam 'yata. Barka da arziki tukuna, Allah ya sa albarka. A cikin masu neman komawa UCLA daga wata makaranta, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ake ɗauka, saboda haka ba a banza kika shiga ba. Ki bari wannan ya zauna a ranki kafin mu shiga sauran maganar, domin ba duk abin da zan faɗa ne zai yi miki daɗi ba.

Zan fara da abin da kika ɓoye a gindin wasiƙarki, wato kemistiri, don shi kaɗai zai iya rushe rigimar da kuke yi da Baba ya bar ku ba UCLA ba Davis. Saƙon taya murna da kika gani a watan Afrilu alkawari ne mai sharaɗi. Jami'a ta yanke hukunci ne a kan makin da kika samu zuwa ƙarshen zangon kaka, da kuma jerin darussan da kika ce kina ɗauka a wannan zangon, waɗanda kika rubuta musu da hannunki lokacin sabunta bayanai na watan Janairu. Ba su ga sakamakon waɗannan darussa ba tukuna. Za su gani ranar da kwalejinku ta aika musu da takardar sakamako ta ƙarshe, wadda wa'adinta 1 ga Yuli ne. Ki buɗe shafinki na kowace jami'a cikin biyun, ki nemo wurin da aka jera sharuɗɗan gurbin, ki karanta layi-layi kamar mai karanta takardar filin gado. Abin da aka saba gani a ciki shi ne a kammala darussan da aka lissafa ba tare da an faɗi ƙasa da C ba, a cika yunit 60 (ma'aunin yawan darussan da aka ci) na zangon simesta, kuma a sanar da jami'a nan take idan wani abu ya canza. Ga mai karatun halittu, kemistiri yana cikin darussan share fage na fannin kansa, ba darasin cike gurbi ba ne da za a kau da kai.

Kada kuma ki ce ai Davis tana hannu. Idan ta hanyar TAG kika shiga, wannan yarjejeniyar tabbacin gurbi da ake cikewa a watan Satumba (rassa shida ne ke yin ta: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, UCLA da Berkeley da San Diego ba sa ciki), to ita ma da sharuɗɗanta, kuma faɗuwa a darasin share fage na iya warware ta.

To ki duba inda shawarar ƙawarki za ta kai ki. Kin danna UCLA a ɓoye, kin saki Davis, kin biya kafin alƙalami, kin yi shiru da D. Sai a tsakiyar Yuli wani ma'aikaci ya buɗe takardarki ya ga abin da ba ki faɗa ba. A lokacin babu Davis da za ki koma, ga Baba ya gano an yi masa rufa-rufa, ga ki a tsakar gida ba makaranta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'a ta fi sassauta wa wanda ya zo da kansa ya ce ga abin da ya same ni, ga dalili, ga yadda zan gyara, a kan wanda aka kama.

Amma ma ba a kai ga D ɗin ba tukuna. Kin ce kina tsoro ne, ba ki ce ya tabbata ba. Gobe-goben nan ki je ofishin malamin a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ki zauna ku lissafa tare: maki nawa kike da shi yanzu, nawa kike buƙata a jarrabawar ƙarshe don ki tsira da C. Sau da yawa ratar ba ta kai yadda tsoro yake nuna ta ba. Daga nan ki wuce ofishin da ke kula da masu canjin makaranta a kwalejinku, wannan aikinsu ne kullum, sun ga irinki ba adadi. Sannan ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na Davis da na UCLA tun kafin ƙarshen Mayu, ki tambaye su ƙarara me zai faru da gurbinki idan wannan darasin ya zo da D, kuma ko za su yarda ki maimaita shi a zangon bazara. Kada ki ɗauka da kanki cewa za su yarda, domin ƙa'idar da aka saba ita ce a gama darussan dole kafin ƙarshen wannan zangon da kike ciki. Mai yiwuwa amsar da za su ba ki ita ce za ta raba gardamar gaba ɗaya, ɗaya ta ce to, ɗaya ta ce a'a. Sauran makonnin nan kuwa, ki rage yawon duba hotunan harabar UCLA a waya, ki rungumi littafin kemistiri.

Berkeley ba za ta ci mana lokaci ba. Ki karɓi zama a layin jiran idan kina so, ba a biyan ko sisi, amma ki yi lissafinki kamar babu ita. Reshe ɗaya kaɗai ake ba wa takardar niyyar shiga, wadda suke kira SIR, da kafin alƙalamin dala 250 da ba a mayarwa. Masu layin jira sai bayan 1 ga Yuni suke fara jin labari, wani lokaci har cikin Yuli, alhali Berkeley tsarin simesta take bi, a watan Agusta take buɗewa, ba ƙarshen Satumba ba kamar Davis da UCLA. Gaskiya ne a 2024 ta buɗe wani katafaren gini mai suna Anchor House, mai gado 772, musamman don ɗaliban da suka zo daga wasu makarantu. Sai dai irin waɗannan ɗalibai dubbai ne, kuma Berkeley ta daɗe tana fama da ƙarancin wurin kwana fiye da sauran rassa. Wanda aka kira a makare shi ne na ƙarshe a layin ɗaki. Na san wata yarinya, 'yar ƙawata, da wata jami'a ta kira ta daga layin jira saura mako biyar a buɗe makaranta. Murna ta sa ta amsa ba ta tambayi ɗaki ba. Ta shiga intanet neman haya, ta ga hoton ɗaki tsaf da labule da tebur, ta tura kuɗin wata guda da na ajiya. Ranar da suka isa da akwatuna a bayan mota, matar da ta buɗe ƙofar ba ta taɓa jin sunan wanda ya karɓi kuɗin ba. Mako uku ta yi tana kwana a kujerar falon wasu 'yan ajinsu. Idan Baba bai yarda da ɗakin da jami'a ta sa hannu ta ba ki ba, kina ganin zai yarda da wannan? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu ga ainihin zancen. Kin kawo min shi kamar faɗa ne tsakanin burinki da taurin kan mahaifinki. Ni ban gan shi haka ba. Mutumin da ya bar Maraɗi ya zo ya yi ta fama a ƙasar da ba tasa ba, ya bar 'yarsa ta yi shekara biyu tana zuwa kwaleji, yanzu kuma da bakinsa yake cewa ki tafi Davis, wannan ba maƙiyin karatunki ba ne. Kwanan ne yake tsoro. Kuma ki yi masa adalci, tsoron nasa ba daga iska ya ɗauko shi ba. A yawancin gine-ginen kwanan ɗalibai a Amurka, maza da mata suna zama a hawa ɗaya ko da ɗakuna daban ne, kuma abin da yake ji game da shaye-shaye da bukukuwan dare yana faruwa. Tsakanin Sakramento da Los Anjelis kuma akwai kimanin kilomita 620, kusan nisan Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar awa shida a mota. Idan kika kira cikin dare kika ce ba ki da lafiya, ba zai iso ba sai gari ya waye. Duk ranar da kika ce masa babu komai a can, ya san ba gaskiya kika faɗa ba, sai ya ƙara ƙanƙame matsayinsa.

Abin da ke gefenki shi ne, a duk rassan jami'ar, UCLA ce ta fara ba da tabbacin wurin kwana na tsawon karatu: tun daga 2022, shekara huɗu ga sababbin shiga, shekara biyu ga masu zuwa daga wata makaranta irinki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwar Westwood da UCLA take ciki, inda hayar ɗaki take da ɗan karen tsada. Amma ki fahimci iyakar alkawarin. Gado aka yi miki alkawari, ba a ce irin ɗakin da kike so ba. Ɗakin mutum uku ruwan dare ne a can: gado mai hawa biyu, tebur a matse, wurin shimfiɗa sallaya sai an ja kujera gefe. Kuma tabbacin yana tafiya ne da wa'adin cike takardar neman ɗaki, wanda yake daban da na 1 ga Yuni. Wanda ya bari ya wuce ya zubar da damarsa. Saboda haka kafin ki sake buɗe baki a gaban Baba, ki kira ofishin gidajen ɗalibai ki samo amsoshi a rubuce. Shin za a iya ba ki gida irin mai kicin da banɗaki a ciki, wanda mata zalla za ku zauna? Za ki iya zaɓar abokiyar zama da sunanta? Mece ce dokar baƙi, musamman maza, da dare? Ana rufe ginin a lokacin hutu? Dole ne ki sayi tsarin abincin makaranta, kuma akwai na halal a ciki? Ki kuma tuntuɓi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar, tsohuwar ƙungiya ce, ki tambayi 'yan'uwa mata ko akwai masu neman ta uku ko ta huɗu a gidansu. Zancen "zan zauna a hostel" daban, zancen "ga gidan, ga mata uku Musulmi da za mu zauna, ga lambar iyayensu" daban.

Sai dai ina so ki daina kallon Davis kamar ladan gaɓe. Ga mai son likitanci, tana da abin da UCLA ba za ta ba ki ba: makarantar likitancinta da babban asibitinta a cikin Sakramento suke, garinku. Makarantun likitanci suna duba makin da kika fita da shi, da jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, da irin aikin asibiti ko binciken da kika taɓa, da wasiƙun malaman da suka san ki da gaske. Sunan jami'a yana da ɗan tasiri, amma bai kai waɗannan ba. Ga masallacin Davis can a titin Russell, tsallaken harabar makaranta, ƙafa ake takawa a je Juma'a.

Ita ma zirga-zirgar daga gida tana da nata kuɗin da ba a rubutawa a takarda, kuma ya kamata Baba ya ji wannan. Tsakanin garuruwan biyu bai fi kilomita 25 ba, amma duk wanda ya taɓa maƙalewa a kan doguwar gadar Yolo da safe ya san minti ashirin kan koma awa guda. Akwai bas da ke haɗa harabar Davis da asibitin jami'ar a Sakramento, akwai jirgin ƙasa na Amtrak, sai dai kowanne da lokacinsa. Davis da UCLA zangon mako 10 suke yi, ba simesta mai tsawo irin wadda kika saba ba. Kafin ki gama gane inda azuzuwa suke, jarrabawar tsakiya ta iso. A watan Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe biyar, ke kuwa wataƙila kina ɗakin gwaje-gwaje har takwas, sannan ki kamo hanya cikin duhu da hazo, ki iso gida ki tarar da wanke-wanke da aikin makarantar ƙanne suna jiranki. 'Yan mata da yawa da ke karatu daga gida ba darasi ne yake kayar da su ba, hidimar gida ce da ba wanda ya rage musu. Idan Davis ɗin ce, to a yi ta da sharaɗi ke ma: motar da za ki dogara da ita, izinin dawowa a makare ranakun gwaji ba tare da an yi ta kira ba, da sauke miki wani kaso na aikin gida. Ki nemi a bar ƙofa a buɗe kuma, idan zangon farko ya nuna zirga-zirgar tana cin makinki, a sake duba maganar ɗaki a can Davis, inda jami'ar take da rukunin gidaje na The Green da ke ɗaukar ɗalibai irinki. Uban da ya ƙi kilomita 620 yana iya yarda da 25, inda zai iya leƙo ki bayan la'asar ya koma gida kafin isha'i.

Ban ga maganar kuɗi a wasiƙarki ba, abin ya ba ni mamaki. Kuɗin karatu na ɗan jiha kusan ɗaya ne a duk rassan, wajen dala dubu 15 a shekara, amma ɗaki da abinci a Los Anjelis sukan zarce kuɗin karatun kansa. Kowace jami'a ta aiko miki da takardar tallafi. Ki buga su biyun a takarda, ki ware abin da yake kyauta ne, irin su Pell da Cal Grant da tallafin jami'a, daga abin da yake rance ne. Pell mafi yawansa dala 7,395 ne a shekara. Ki lura kuma ana lissafa tallafin ne bisa inda kika ce za ki zauna, wanda ke gidan iyaye ana rage masa kasafi, don haka ki tabbata takardar Davis a kan zaman gida aka yi ta kafin ki kwatanta. Abin da ya rage bayan an cire kyauta, shi ne farashin gaskiya. Idan na UCLA sai an cike shi da rancen gwamnati, ki sani rancen nan da kuɗin ruwa yake tafe, ko da wani nau'insa ba ya fara hawa sai kin bar makaranta. Ni ba malama ba ce, ba zan yi miki fatawa ba, amma na san gidajenmu: wannan kaɗai zai iya zama babbar magana fiye da ta ɗaki. Ga kuma makarantar likitanci tana jiranki a gaba da nata tsadar.

Da ni ce ke, zan tafi UCLA ne kawai idan abu uku suka haɗu: sun tabbatar min kemistiri bai taɓa gurbina ba, na ga ɗakin mata zalla a rubuce kuma kuɗinsa ba sai da bashi mai nauyi ba, sannan Baba ya ce je ki da bakinsa. Idan ɗaya ya ɓace, Davis zan danna, ba tare da jin an ci ni da yaƙi ba. Dannawa a ɓoye kuwa ki cire ta daga lissafi. Ko da ta yi nasara, shekara biyu za ki yi kina karatu mai wuya a garin da ba ki san kowa ba, ga fushin uba a wuyanki, kuma Mama ce za ta zauna da shi a gida tana shan zafin abin da ba ita ta yi ba.

Yadda za ki tunkare shi kuma, kada ki je ke kaɗai da hawaye, kada kuma ki tura Mama gaba. Kowane uba yana da wanda yake jin nauyinsa: limamin masallacinku, ko amininsa, ko wani yayansa ko da a waya ne daga gida. Ki fara zuwa wurin wannan mutumin da takardunki, ki bar shi ya yi miki tambayoyi masu zafi, idan ya gamsu shi zai san ta inda zai ɓullo. Sa'an nan ki zauna da Baba bayan ya ci abinci ya huta, ki fara gaya masa maganar kemistiri da bakinki. E, ita za ki fara faɗa. Yarinyar da ta kawo wa ubanta labarin da bai yi mata daɗi ba tun kafin a tambaye ta, ita ake iya yarda a bar ta ta yi nisa. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ba amincewa ba: ya ɗauke ki ke da Mama ku je ku gani. Ku kama babbar hanyar I-5 zuwa Los Anjelis ranar Alhamis, ku yi Juma'a tare da ɗaliban can, ya ga ginin, ya ga ƙofar da sai da kati ake buɗe ta, ya gaisa da 'yan matan da za ki zauna da su. Gani ya kori ji. Yana iya dawowa ya ce a'a har yanzu, kuma a lokacin kin san a'ar ta wanda ya gani ce. Mako na gaba sai ku je Davis tare da safe a ranar aiki, shi yana tuƙi, don ya ɗanɗani gadar Yolo da kansa.

Ki yi istihara, ki sa ranar 28 ga Mayu a matsayin naki wa'adin, kada ki kai daren ƙarshe intanet ta ba ki kunya. Duk wadda kika danna, a ranar ki cike takardar ɗaki idan da ita, ki kuma je ofishin rajistar kwalejinku ki ba da umarnin a aika sakamakonki kafin 1 ga Yuli. Ki rubuto min yadda kuka yi da malamin kemistirin.